Saƙon Ja Ba Ya Wucewa Ranar Lahadi

Igiya kaɗai aka tarar a gindin aduwa. Ba yanke ta aka yi ba, ba kuma tsinkewa ta yi ba, kwance ta aka yi a tsanake aka naɗe aka ajiye a kan saiwa. San da ke ɗaure da ita kuwa, bijimin da Inna Hasana take kiwo a bayan ɗakinta tun rasuwar mijinta, babu shi babu dalilinsa. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela da aka kai shi sayarwa, a ƙarshen daminar tamanin da takwas.

Da hantsin Litinin magana ta bar kan sa ta koma kan Yari.

Ƙungiyar fataken shanu tana da rediyon oba-oba a wani ɗan ɗaki a bakin kara, kasuwar shanu. Yari ne mai kula da shi, wani saurayi ɗan Tozai da ba ya iya haɗa ido da babba. Muryar akwatin ba ta kaiwa Sakkwato kai tsaye, shi ya sa ƙungiya ta ajiye wani dattijo, Malam Lawwali, a kan wani tudu a rabin hanya da nasa akwatin. Yari ya faɗa, Lawwali ya ji, ya juya maɓalli ya maimaita wa Sakkwato. Kuma ba Illela kaɗai yake saurare ba, har da wasu kasuwannin. Da yake bakinsa ɗaya ne, sai aka yi doka. Kowane ɗan ƙungiya yana da kasonsa na iska, wato lokacin aika saƙo. Saƙon da ke cikin kaso, Yari zai fara shi da kalmar "fari", wannan dole ya wuce. Wanda ya cinye kasonsa yana neman ƙari, ko wanda ba ɗan ƙungiya ba, saƙonsa da "ja" ake fara shi. In iska da sarari ya wuce. In ta cunkushe Lawwali ya zubar da shi, ba sai ya gaya wa kowa ba.

Inna Hasana ta gaji kason mijinta, kuma ba ta taɓa amfani da shi ba. Da san ya ɓace, dillalinta Maharazu ya je ɗakin rediyo aka aika Sakkwato a tare motocin Illela a duba. Saƙon bai isa ba. Motoci suka wuce abinsu. Da aka tambaya, Yari ya rantse fari ya ce. Lawwali kuma ya ce ja ya ji. Lawwali tsoho ne, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

"Baki ɗaya na da ɓarayin," in ji wani mahauci a ƙofar ɗakin. "Ku duba shi, ko kallon mutane ba ya yi."

"Ai masu sunkuyar da kai sun fi kowa," wani ya ƙara.

Alhaji Na'Allah, shugaban ƙungiya, ya danna kwaɗo a ƙofar ya jefa makullin a aljihu. "In Lahadi ta zagayo ba a ga san ga ba, yaro hannun hukuma za shi. Akwatin kuma a naɗe shi a maida inda anka sawo shi. Mun gaji."

A bayan taron akwai wani dogon tsoho da malafa, ya dogara da sanda. Yana nan tsaye har ya ji an ambaci naɗe akwatin. Sannan ya matso.

"Ranka shi daɗe, a ba ni igiyar in gani."

* * *

Jalo ke nan, mai bin sawu. A da shi ma mai garke ne, sai farin tamanin da huɗu, da sama ta hana ruwa, ya kwantar masa da shanu ɗaya bayan ɗaya a hanyar tafkin Kalmalo. Matarsa Adda ba ta daɗe ba ta bi su. Ɗansa ɗaya, Boyi, ya tashi wata safiya ya ce za shi birni neman aikin lodi. Jalo ya bi sawunsa daga bukka har bakin titi, a nan ya tsaya, domin kwalta ba ta riƙe sawu. Tun daga nan yake zaune shi kaɗai a gefen gari. Wanda akuyarsa ta ɓace ya neme shi, in an gano a manta da shi.

Kowace Lahadi, ranar da yake shigowa gari, yakan zauna a kan bencin ɗakin rediyo har layi ya lafa, sannan ya ce wa Yari, "A faɗa ma Boyi ɗan Jalo, mai lodi, babanai shina nan inda ya bar shi." Shi ba ɗan ƙungiya ba ne, saƙonsa ja ne kullum. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Jalo ya riga ya yanke wa kansa cewa Boyi yana ji, amsawar ce ba ya so. Duk da haka bai fasa ba. Idan aka naɗe akwatin nan, ba shi da sauran inda zai kira sunan ɗansa da ƙarfi wani ya ji.

Ya tsuguna a gindin aduwar. Dubban kofatai sun tattake kara jiya, amma san da aka turke a gida ba ya ɓoyuwa. Rashin tafiya yana sa kofatonsa ya yi tsawo ya lanƙwashe a baki, in ya taka sai ya bar ɗan jan layi a ƙasa. Jalo ya samu layin a bayan bishiyar, inda ruwan shekaranjiya ya bar damshi.

"Baffa Jalo, ka wahal da gwiwa a banza," wata murya ta ce a kansa. Maharazu ne, gajere mai fara'a, da goro a kumatu. "Arewa anka yi da shi. Yanzu haka shina Ƙwanni, hayin iyaka, ana tayi da sefa. Ni ne nik kawo shi nan da hannuna, nis sa Abu mai gadi shi tsare, nit tahi neman mai saye. In dawo, wayam."

"Arewa kam sawun ya nuhwa," in ji Jalo.

"To, ka gani."

Jalo ya bi. Sawun ya ratsa bayan rumfunan masu igiya, ya miƙe arewa kamar mai nufin iyaka. Abin da ya fara damun tsohon shi ne natsuwar tafiyar. San da baƙo ya ja yana turjewa, yana kafa ƙafafun gaba yana tone ƙasa. Wannan kuwa tafiya yake kamar za shi rijiya. A gabansa akwai sawun takalmin roba, irin wanda rabin kasuwa ke sawa. A wani wuri da suka tsaya, tururuwa sun yi layi suna kwasar wani abu. Jalo ya dangwala da yatsa ya kai hanci. Dusa ce da kanwa.

A kan wata tsandauri mai tsakuwa sawun ya ɓace. Wani da nan zai juya ya ce an haye iyaka. Jalo ya zagaya tsandaurin a hankali, ya sake zagayawa, sai ga layin kofaton ya ɓullo ta yamma, ya karkato kudu. Ya bi shi har wata tsohuwar gina, ramin ɗibar ƙasa, da ruwa ya ci gefenta ta zama tudu. A ƙarƙashin tudun akwai sawun tayar babbar mota da ta ja da baya ta jingina. Nan san ya hau mota da ƙafarsa. Tayar ta fita ta hau kwalta, fuskarta Sakkwato.

Jalo ya daɗe a tsaye a bakin titin. Wannan ne karo na biyu da kwalta ta tsayar da shi a wuri kusan ɗaya.

* * *

Abu mai gadi yana kwance a rumfarsa da ƙyalle ɗaure a haɓa, kuncinsa ya kumbura.

"Kai anka bar ma sa, Abu. Ina kat tahi?"

"Wurin wanzami, Baffa. Haƙori ya hana ni sakat. Maharazu da kainai yac ce, tahi a cire maka kahin kasuwa ta cika, san ga ba ya zuwa ko'ina. Nid dawo da jini a baki, nit tarar da igiya."

"San ya san ka?"

"Ni ke kai mai harawa gida. Shi ya sa wasu ke cewa ni na. Wallahi da na iya satar sa, da ban kwan da haƙorin ga wata guda ba."

Jalo ya dubi ƙafafunsa. Faffaɗa ne, duk faso, ba su taɓa sanin takalmi ba. Ya yi masa sannu ya wuce.

Yari yana zauren Alhaji Na'Allah, a takure a lungu, kwanon tuwon da aka ajiye masa ko buɗewa bai yi ba. Da ya ga Jalo sai idonsa ya kawo ruwa.

"Baffa, fari nic ce. Na rantse da Allah."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. Yaushe anka kawo saƙon?"

"Bayan azahar."

"Sa ya ɓace da hantsi."

"Malam Maharazu ya ce nema ya tsaya yi. Da yaz zo ɗaki ya cika, kowa na son aika farashi. Ya ture mutane shina ihu, sauri, sauri, motoci na tahiya. Har hannuna ya kama ya ɗora ga madanni."

"Mi kac ce? Faɗa mini awa yadda kaf faɗa."

Yari ya rufe ido. "Fari. Jan sa na Inna Hasana ya ɓace, mai tsaguwar kunne, a tare motocin Illela."

"Haka yab ba ka shi?"

"Kalma da kalma. Ni ban canza ma kowa magana."

Jalo ya ji wani abu ya ɗan soke shi a cikin maganar, kamar ƙaya a cikin takalmi, amma bai gane ko mene ne ba. Ya tura wa yaron kwanon da ƙafa. "Ci. Mai gaskiya ma yunwa na kashe shi."

* * *

Washegari ya hau motar itace ta sauke shi a rabin hanya. Tudun Malam Lawwali ba kowa a kansa sai ɗaki ɗaya na jar ƙasa, doguwar eriya da aka ɗaure da wayoyi, da wata akuya mai cin ganyen sabara. Iska tana kaɗa wayoyin suna kuka. Dattijon yana zaune a gaban akwatinsa, ƙaramin mutum mai farin gemu, ya karkata kai gefe ɗaya irin na wanda ya saba saurare. Da ya ga baƙo sai ya rasa inda zai sa shi don murna. Ya shimfiɗa buzu, ya dama fura, ya ce rabonsa da ganin fuskar da ba ta mai kawo batir ba har ya manta.

"Muryoyi kam ina da su," ya ce. "Na san wanda ke mura, na san wanda ya yi sabon aure. Amma in mun gamu a hanya ba mai gaishe ni."

"Saƙon Lahadi ya kawo ni, Malam."

Fuskar Lawwali ta canza. "Yaron ga ina son shi. Amma abin da kunnena ya ji ba ni iya canza shi. Ja nij ji."

"Daga nan fa?"

"Daga nan mi? Bayan azahar na, ranar Lahadi. Illela na kira, Gada na kira, Sakkwato na kira. In na ji ja, ban tsayawa jin saura. Maɓalli nike juyawa in saurari wani."

"In ba ka ji fari ba, ba ka ji ja ba fa?"

"Ya kan faru. Akwatin Illela ya tsufa, in yaron ya yi gaggawa ya yi magana kahin madanni shi zauna, sai kan maganar ya mutu a hanya. In haka ta faru na kan ɗauka fari na, in wuce da shi. Gara in wahala da in zubar da haƙƙin wani." Ya yi 'yar dariya. "Akwai ma wani mai wayo can wurinku, shi ya gane haka tuntuni. Saƙonai kullum da fari biyu yake zuwa. In ɗaya ta mutu, ɗaya ta iso."

Jalo ya ajiye ludayi. Ya san wannan. Sau nawa yana kan benci ya ji wani gajere mai goro yana cewa, "Maimaita, Yari, fari fari, akwatinka mai cin kan magana na."

Kafin ya gama haɗa tunaninsa, Lawwali ya ƙura masa ido. "Tsaya. Mi kac ce sunanka?"

"Jalo."

"Baban Boyi?"

Jalo ya ɗaga kai.

Dattijon ya sunkuya yana murza bakin buzu. "Na san kan saƙonka. Ja, a faɗa ma Boyi ɗan Jalo. Iyakar abin da na taɓa ji ke nan. Bawan Allah, mi ya sa sai ranar Lahadi?"

"Ran nan nike shigowa gari. Kuma ina bari sai layi ya lafa."

"Layin ɗakinku ke lafawa. Nan sama ba ya lafawa sai rana ta faɗi. Ja ba ya wucewa ranar Lahadi, Jalo. Ko sau ɗaya bai taɓa wucewa ba."

Akuya ta yi kuka a waje. Jalo ya dubi hannayensa. Shekarun nan duka yana ɗauke da shirun Boyi a ƙirji kamar dutse, yana juya shi yana neman laifin da ya yi wa yaron. Ashe maganar ko gangara tudun nan ba ta taɓa yi ba. Nan take faɗuwa, tsakanin sabara da wayoyi. Bai san ko kuka zai yi ko hamdala ba.

"Ka yahe mini," in ji Lawwali. "Doka ta."

"Ba ka yi mini komi ba." Jalo ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Ran Alhamis da hantsi ka zauna kusa da akwatinka. Abin da kaj ji, shi za ka faɗi."

Da ya kai gindin tudun ya waiwaya. Dattijon yana tsaye a ƙofar ɗaki, bai koma ciki ba har motar da Jalo ya tsayar ta tashi.

* * *

Inna Hasana ta yi masa magana daga bayan zana. Turken san yana nan a tsakar gida, da sauran harawa a kwando, ba ta bari an kwashe ba.

"Inna, da Maharazu yaz zo da labari, mi kika ce a aika?"

"Mi zan ce? Nic ce a faɗa ma Sakkwato rahajina ya ɓace, mai tsaguwar kunne."

"Rahaji kika ce?"

"To mi na in ba rahaji ba? Shekara talatin ina auren bafatake, Jalo. Ko jikata ta san rahaji da gudali."

Ƙayar da ke cikin takalmin Jalo ta fito. Rahaji sunan irin shanun nan ne jajaye masu dogon ƙaho. A kara ba mai kiran sa da launi sai baƙo ko ɗan birni da ya zo sayen na suna. Gudali ake cewa, bunaji, rahaji.

"Ban da ke da Abu, wa ke ba shi abinci da hannu?"

Ta yi ɗan tunani. "Maharazu in ya zo duba shi. Tun farkon damina shina zuwa, da 'yar dusa a aljihu. Ya ce wai don shi saba da shi kahin ranar kasuwa. Mutumin kirki, ko mijina shi ne dillalinai." Muryarta ta rage. "Mi ya sa kake tambaya?"

"Ki bar harawar nan a kwando, Inna. Kada ki ba awaki."

* * *

Ranar Alhamis Alhaji Na'Allah ya buɗe kwaɗon bisa roƙon Jalo. Aka kawo Yari, aka kira Abu da kumburarren kuncinsa, Maharazu ya zo da kansa yana raba goro. Fatake da mahauta suka cika ƙofa. Inna Hasana ta tsaya can gefe cikin mayafi.

Jalo bai fara da komai ba sai hira. Wani Bafillace yana wucewa da shanu zuwa mashaya, tsohon ya nuna da sanda.

"Idona ya fara gajiya, Maharazu. Wancan na gaba, wane iri na?"

"Haba Baffa, tsufa ya kai nan? Gudali na."

"Na bayanai fa, mai ƙaho?"

"Rahaji mana. Ko makaho ya shafa ya san rahaji." Aka yi dariya.

"Ba jan sa ba?"

"Jan sa!" Maharazu ya tuntsire. "Sai ka ce ɗan makaranta. Wa ke cewa jan sa a kara?"

"Kai," in ji Jalo. "Ranar Lahadi bayan azahar."

Dariyar ta tsaya a wuyan mutane. Jalo ya juya wajen mai mayafi. "Inna, mi kika ce a aika?"

"Rahajina."

"Yari, mi anka ba ka?"

"Jan sa," in ji Yari, kansa a ƙasa.

"Ruɗewa ta," Maharazu ya ce da sauri. "Mutum in hankalinai ya tashi, komi na iya hita bakinai."

"Haka na. To mu gwada ruɗewar." Jalo ya sa Yari ya zauna a gaban akwatin ya kunna. "Na gaya ma Malam Lawwali shi saurara. Alhaji, ka kama hannun yaron ka azalzale shi, awa yadda anka yi mai."

Na'Allah ya kama hannun Yari ya ɗora a madanni. "Sauri! Sauri!"

Yari ya firgita da gaske. "Fari. Jan sa na Inna Hasana ya ɓace."

Akwatin ya yi shuu, sannan muryar dattijon ta fito siririya daga kan tudu. "Illela, ja nij ji."

Wani mahauci ya ce, "La'ilaha illallahu." Kowa a ɗakin ya ji yaron ya ce fari.

"Akwatin ga na cin kan magana in an yi gaggawa," in ji Jalo. "In ya ci fari, abin da ya biyo baya shi ke zama kai. Da rahaji ya biyo baya, da Malam Lawwali ya wuce da shi. Kalma ɗaya ta a duniya ke sa shi juya maɓalli, ita anka zaɓo anka sa a gaba, a lokacin da iska ta fi cika. Yari, cikin masu aike, wa ke sa ka ce fari sau biyu?"

Yari ya ɗago kai a karo na farko, ya dubi mutumin ido cikin ido. "Malam Maharazu. Kullum. Ran nan kaɗai bai ce ba."

"Shi ya tura Abu wurin wanzami. San bai turje ba, dusa ya bi, kuma tun farkon damina ake koya mai bin ta. Ba Ƙwanni ya tahi ba, ga tsohuwar gina ta yamma ya hau mota. Sawun na nan, mai so shi je shi gani." Jalo ya nuna aljihun rigar dillalin da bakin sanda. "Zazzage."

Maharazu bai zazzage ba. Abu ne ya cusa hannu ya juyo aljihun waje. Goro biyu suka faɗo, sai garin dusa da ya maƙale a ɗinki ya bi iska.

"Maharazu," Inna Hasana ta ce daga inda take, ba da ƙarfi ba. "Kai ka ɗauki makarar mijina."

Wannan ce ta karya shi. Ya zauna a ƙasa ya ce san yana nan da rai a gidan wani surukinsa a bayan birni, ana jira ƙura ta lafa. Na'Allah ya sa aka riƙe shi, ya ce wa Yari ya aika a je a ɗauko. Yaron ya danna, ya jira madanni ya zauna, ya aika. Mahaucin da ya fara zarginsa ya sulale ya bar wurin.

* * *

Mutane suka bi Maharazu da masu riƙe da shi, ƙofar ɗakin ta yi fili. Na'Allah ya sa hannu a aljihu. "Jalo, faɗi abin da kake so."

"Iska," in ji Jalo. "Kaso ɗaya."

Alhaji ya sosa gemu. "Kaso na 'yan ƙungiya na. Sai an zauna, kuma ka san ba ka da shanu."

"A ba shi nawa," in ji Inna Hasana. "Ni wa nike da shi a Sakkwato? Sau ɗaya na taɓa shi, ga abin da ya jawo."

Na'Allah ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan tsakaninsu ne, ya tafi.

Jalo ya shiga ya tsaya a bayan Yari. Fari ne ya cinye masa garke, tun daga lokacin ko sunan ba ya son ji a bakin mutane. Yau ga shi yana jiran a faɗe shi.

"Yadda ka saba, Baffa?"

"Yadda na saba. Ka ƙara da cewa ba yau nif fara kira ba."

Yari ya danna madanni, ya ja numfashi, ya bari ya zauna sosai. "Fari. Fari. Fari. A faɗa ma Boyi ɗan Jalo, mai lodi, babanai shina nan Illela inda ya bar shi. Ba yau yaf fara kira ba."

Shuu. Sannan muryar Lawwali: "Fari na ji, Illela. Ya wuce."

Jalo ya gyaɗa kai ya juya zai fita, don shi a saninsa daga nan sai tafiya gida. Ya kai bakin ƙofa akwatin ya sake yin tari.

"Illela, Illela. Sakkwato sun ce akwai wani Boyi cikin masu lodi, dogo, Bafillace. Ba su san sunan ubanai ba. An tahi kiran shi. Sun ce mai saƙo shi jira."

Yari ya waiwayo. Tsohon yana tsaye, hannunsa ɗaya a jikin ƙofa. A hankali ya dawo, ya jingine sandarsa a bango, ya cire malafa, ya tuɓe takalmansa ya jera su a ƙarƙashin benci. Sannan ya zauna, ya karkata kai gefe ɗaya wajen akwatin.